Kafin ka taɓa katangar nan, Alhaji

Wasiƙar wannan makon daga Ikko ta zo. Na taƙaita ta, na kuma cire sunan ƙauyen da na mutanen da ke ciki.

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Mile 12, albasa nake saukewa, shekarata 19 a Ikko. Shekara 7 da suka wuce na sayi fuloti ɗaya a wani ƙauye na bakin teku a yankin Ibeju-Lekki, a hannun dangin da suka gaji wurin. Aka kafa mini turakun siminti huɗu, aka ba ni rasit da takardar ciniki da zanen safiyo, kuma su masu filin ne suka kawo wanda ya yi awon. Ban samu halin gini ba sai bana. Da na je da birkila, na tarar turaku biyu na ɓangaren teku babu su, maƙwabcina na wannan ɓangaren kuma ya ja katanga. Da muka ja tef, katangar ta shigo mini da kusan ƙafa 9. Dattijo ne Bayarabe, ya saya bayana da shekara 3, a hannun dangin nan dai. Ya ce shi ƙafa 120 aka auna masa daga layin bishiyoyin kwakwa na bakin ruwa, bai ƙara ko taku ɗaya ba. Na kawo ɗan safiyo ya ce ni ke da gaskiya, shi ma ya kawo nasa ya ce shi ke da gaskiya. Na duba da wayata, ta nuna mini har cikin ɗakinsa filina ne. Yarana na kasuwa sun ce in ba su dare ɗaya su kwantar da katangar. Maiɗakina ta ce in sayar in huta. Ni kuma gumina ne, ba na so a ce an raina ni don ni baƙo ne. Amma mutumin nan bai taɓa yi mini rashin mutunci ba, har ruwa yake ba leburorina. Me zan yi?"

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya ƙara wa kasuwa albarka, ya sa filin nan ya zame maka wurin zama lafiya.

Bari in fara da abin da ba ya jira, wato maganar yaranka. Ka kira su yau, ka gaya musu da bakinka cewa ko bulo ɗaya ba ka yarda a taɓa ba. Na san kishinka ne ya sa su, amma daren da katangar nan ta faɗi, magana ta tashi daga ta iyaka ta koma ta 'yan sanda, kuma kai mai ƙorafi kai za ka koma wanda ake tuhuma. Jihar Legas tana da doka ta musamman a kan wannan, Dokar Kare Kadarori ta 2016, wadda Gwamna Akinwunmi Ambode ya sa wa hannu saboda ta'asar 'yan ƙwacen fili da ake kira omo onile. Dokar ta hana mutum ya karɓi fili da ƙarfin tsiya ko da yana da haƙƙi a kansa, kuma hukuncin yana kaiwa ɗaurin shekara 10. Akwai kuma abin da ya fi ɗaurin nauyi a zuciyata. Ka fi ni sanin Ikko. Saɓanin mutum biyu a kan abu kaɗan, da zarar an ce wannan Bahaushe ne wancan Bayarabe, kafin azahar ya zama na unguwa. Rikicin watan Maris na 2016 a Mile 12 a gabanka aka yi shi, ka ga yadda aka rufe kasuwa kaya suka ruɓe, ka ga waɗanda ba su ji ba ba su gani ba suka rasa rai. Ƙafa 9 ba ta kai a sake buɗe wannan ƙofar ba, kuma waɗanda za su fara ɗanɗana kuɗarta su ne 'yan'uwanmu masu acaba da masu gadi da ke kwana a wannan ƙauyen, waɗanda ba su da ko taku ɗaya a filin.

Wayarka kuma ka mayar da ita aljihu. Ba ƙarya ta yi maka da gangan ba, aikin ne ba nata ba. Waya tana iya kuskure da mita 3 ko 5 ko fiye, alhali duk abin da kuke jayayya a kai bai cika mita 3 ba. Bayan wannan akwai babbar matsala da mutane da yawa ba su sani ba. Lambobin da ke kan yawancin zanen safiyo a ƙasar nan an ɗaure su ne da ma'aunin da ake kira na Minna, domin tushensa wani turke ne da aka kafa kusa da garin Minna tun zamanin Turawa. Waya kuwa da ma'aunin duniya na tauraron ɗan'adam take aiki. In ka kwashi lambar da ke kan zanenka ka zuba a waya ba tare da an juya ta daga wannan ma'auni zuwa wancan ba, za ta jefa ka gomman mitoci nesa da wurin. Shi ya sa ta kai ka cikin ɗakin dattijon. Kada ka sake faɗa masa wannan magana, kada kuma ka faɗa wa lauya ita a matsayin hujja.

Yanzu ga abin da ya fi tsaya mini a wasiƙarka. Dattijon ya ce daga layin kwakwa aka auna masa. Wannan jimla ɗaya tana iya zama ita ce duk labarin.

Mu da muka tashi a tudu mun saba da iyakar da ba ta motsi. Kukar da kakanka ya nuna wa babanka tana nan, cediyar ƙofar gida tana nan, ko jinga ta baje ana gane gurbinta. Bakin teku ba haka yake ba. Gaɓar Legas yashi ce, kuma igiyar ruwa kullum tana jan yashin daga yamma zuwa gabas. Tsakanin 1908 da 1912 Turawa suka gina dogayen shingayen duwatsu a mashigar tashar jiragen ruwa don kada yashi ya toshe hanya. Shingen ya tare yashin a ɓangaren yamma, gabas kuma ta rasa abin da ke cike mata gurbi, teku ya shiga cin gaɓar da ake kira Bar Beach shekara da shekaru har ruwa yana hawa titin Ahmadu Bello. Yau an kare wancan wurin da babbar katangar duwatsu ta Eko Atlantic, amma cin bai tsaya ba a gabas. Mutanen Okun Alfa, inda ake kira Alpha Beach, sun ga gidaje da hanya da bishiyoyin kwakwa sun tafi cikin ruwa a kan idonsu. Filinka yana kan wannan gaɓar ce, can gaba.

To ka duba. In masu filin sun saba fara jan igiya daga layin kwakwa na farko, kuma a cikin shekara 3 da ke tsakanin cinikinka da nasa teku ya kwashe wannan layin, wanda ya zo yi wa dattijon awo zai fara ne daga layin da ya tarar. Ƙafa 120 ɗinsa za ta cika daidai kamar yadda ya faɗa, sai dai ƙarshenta ya faɗo cikin naka. A wannan hali shi bai sata ba, kai ma ba ka yi ƙarya ba. Teku ya ci daga gaba, mai sayarwa ya biya kansa daga baya. Ban ce lallai haka aka yi ba, awo ne zai nuna. Amma na fi so ka je gaban mutumin nan da wannan zato a ranka, ba da zaton cewa ya raina ka don kai baƙo ne ba. Wanda ya raina mutum ba ya aika wa leburorinsa ruwa.

Abin da aka yi muku, in mun kira shi da sunan da muka sani a gida, awon igiya ne, ko da an yi masa ado da zane. Mun san yadda yake ƙarewa a bayan garin Kano ko Kaduna: mai gona da dillali su yanka, kowa ya karɓi la'adarsa, bayan shekara biyar a rasa hanyar da mota za ta bi. Bambancin kawai shi ne a can gona ba ta tafiya ko'ina. Ka kuma lura da wani tarko da ke kama mutanenmu a Kurmi. Fuloti a wajenmu ƙafa 50 ne a 100, wato wajen murabba'in mita 465. A Legas abin da aka saba shi ne 60 a 120, wajen murabba'in mita 669, kuma masu sayarwa da yawa yanzu 600 ko 500 suke yankawa su kira shi fuloti. Saboda haka kalmar fuloti ba ta tabbatar da komai. Ka ɗauko zanenka ka duba adadin murabba'in mita da aka rubuta, ka gwada da wanda ke takardar ciniki. In sun saɓa, tun daga nan matsala ta fara.

Tunda zanen yana hannunka, zauna da shi da rana tsaka ka karance shi kamar yadda kake karanta takardar lodi. Zane na gaske yana ɗauke da sunanka, da sunan wurin da ƙaramar hukuma, da lambar kowane turke, da tsawon kowane gefe da inda ya fuskanta, da lambobin da ke nuna mazaunin filin a doron ƙasa, da lambar zanen kanta, da ranar da aka yi shi, sannan sunan ɗan safiyon da sa hannunsa da hatiminsa. Wannan hatimi shi ne ran takardar. Ba duk mai ɗauke da na'ura mai ƙafa uku ne doka ta san shi ba. Hukumar SURCON, wadda aka kafa a 1989, ita ke yi wa 'yan safiyo rajista a Najeriya, kuma wanda ba ya cikin rajistarta zanensa ba ya tsayawa a ofishin gwamnati. Sau da yawa yaron ofis ne ke zuwa fili ya yi awo, a kai wa wani ya buga hatimi bai taɓa taka wurin ba. Ka tambayi wanda ka kawo kwanan nan lambar rajistarsa, ka roƙi dattijon ya tambayi nasa. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya.

Daga nan sai Ikeja, ofishin Babban Jami'in Safiyo na Jihar Legas. Wannan tafiya ita ce mafi muhimmanci a duk abin da zan gaya maka, kuma ina roƙonka ka yi ta kafin ka ƙara kashe ko kwabo a kan yashi ko bulo. Abu biyu za ka nema. Na farko, ko an ajiye kwafin zanenka a wurinsu, domin ɗan safiyo mai rajista wajibi ne ya kai kwafin aikinsa a adana. Na biyu, a ɗora lambobin filinka a kan taswirar gwamnati a gaya maka a rubuce matsayin ƙasar. Dalili shi ne, tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, kuma gwamnatin Legas ta daɗe da karɓe manyan yankuna a ɓangaren Lekki har zuwa Epe. Abin da dangi ke da ikon sayarwa shi ne yankin da gwamnati ta sakar wa ƙauyensu, aka buga a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati. Dangi da yawa suna sayarwa har su tsallake iyakar abin da aka sakar musu, wasu kuma suna sayarwa da alkawarin cewa sakin yana hanya.

Ga kuma ruwa da nasa haƙƙin. Ƙa'idar tsara gine-gine ta Legas ta ce a bar tazarar mita 150 tsakanin gini da tekun Atlantika. Maƙwabcinka ƙafa 120 kacal aka auna masa daga layin kwakwa, wato ƙasa da mita 37. Sai dai in akwai yashi mai faɗi ƙwarai tsakanin kwakwar da ruwa, akwai yiwuwar ku duka biyun kuna cikin wannan tazara. In haka ne, ba za a ba ka izinin gini ba, kuma abin da ka gina ba izini yana iya tafiya a wuni ɗaya. Ka kuma san aikin babbar hanyar gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba, mai tsawon wajen kilomita 700, wanda aka fara a 2024, ta wannan yanki ya bi, an rushe gine-gine, an kuma sauya layin hanyar a wasu wurare. Dokar 1978 ɗin nan, in gwamnati ta karɓi wuri don amfanin jama'a, abin da aka gina ko aka shuka take biya, ba tsurar ƙasa ba. Ina jero maka waɗannan ba don in karya maka gwiwa ba. So nake ka ga cewa mai yiwuwa kai da dattijon nan jirgi ɗaya ya kwaso ku, kuna ja-in-ja a kan wurin zama alhali ba wanda ya duba ko jirgin yana yoyo. Shi ma bai sani ba, ina kyautata zato. In ka dawo daga Ikeja da takarda, ka nuna masa ko me ta ƙunsa.

Kada kuma wani ya ba ka shawarar ku haɗu ku zuba yashi a gaba don a mayar da abin da teku ya ci, kowa ya samu nasa. Tsohuwar magana ce a Legas. Tun 1915 kotun ƙoli ta masarautar Ingila ta yanke hukunci a shari'ar gwamnatin Kudancin Najeriya da kamfanin John Holt, wanda kakanninmu ke kira Janhol, cewa ƙasar da mutum ya cike da hannunsa a bakin ruwa ba ta zama tasa, ta hukuma ce.

Mu ɗauka Ikeja ta ce ƙasar tana da tsabta. Sai a zo kan 'yan safiyonku biyu da kowanne ya ba wanda ya biya shi gaskiya. Ba lallai ne ɗayansu maƙaryaci ba ne. Naka ya auna daga zanenka, nasa ya auna daga zanensa, kowanne ya tabbatar da takardar da aka miƙa masa, ba wanda ya ɗora takardun biyu a kan juna. Abin da ya rage a yi ke nan. Ku haɗu ku zaɓi ɗan safiyo na uku mai rajista, wanda ba shi da alaƙa da dangin da suka sayar, ku raba kuɗin aikinsa biyu daidai, ku ba shi zane biyun, ku rubuta tun kafin ya fara cewa kun yarda ya fito da zane guda da zai nuna filayen biyu da inda suka hau juna. In kun kasa daidaitawa a kan mutum, ku nemi ofishin na Ikeja ko reshen ƙungiyar 'yan safiyo ta ƙasa su ba ku. Ku sa sharaɗi ya ɗaure awonsa da turakun gwamnati da ke yankin, ba da kwakwa ko katanga ko bakin ruwa ba. Na'urorin da suke aiki da su yanzu kuskurensu 'yan santimitoci ne, kuma lambobin da ke kan takarda, in na gaske ne, suna mayar da turke gurbinsa ko da teku ya canza kamannin wurin gaba ɗaya.

Ranar awon ka je da kanka, kada ka wakilta yaro. A gayyaci shugaban dangin da suka sayar, da baalen ƙauyen, wato mai garin, kai kuma ka tafi da dattijo ɗaya daga fadar Sarkin Hausawa, mai sanyin baki wanda ke jin Yarabanci. Mutum ɗaya na ce, ba mota cike ba. Ka kuma tafi da shebur. Na taɓa tsayawa a kan irin wannan awo na wani ɗan'uwana, a fili mai yashi, inda kowa ya rantse an tumɓuke turke. Ɗan safiyon ya yi ta matsawa da sandarsa yana duban na'ura, ya tsaya a wani wuri da babu alamar komai sai ciyawa, ya ce a tona nan. Lebura ya tona har gwiwa, shebur ta yi ƙara. Da aka share da hannu sai ga kan siminti mai kusurwa huɗu, guntun rodi a tsakiya, lambar da aka rubuta tun yana ɗanye tana nan raɗau. Ba a inda ɗan'uwana ya nuna yake ba, ba kuma a inda abokin jayayyarsa ya nuna ba. Wurin ya yi tsit, mutanen da suka yi wata uku ba sa gaisawa suka tsuguna tare suna karanta lamba. A bakin teku iska tana binne abu cikin damina ɗaya. Turakunka biyu wataƙila suna nan a ƙasa, wataƙila ma ƙarƙashin harsashin katangar.

In kuma ta tabbata cire su aka yi, wannan laifi ne a dokar ƙasa, kuma ka san abin da ya fi wannan. Ya zo a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci wanda ya canza alamomin iyakar ƙasa. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito cewa wanda ya zalunci wani da gwargwadon taƙi ɗaya na ƙasa, za a rataya masa shi daga ƙassai bakwai. Amma Alhaji, hadisan nan ba dattijon kaɗai suke kallo ba, har da kai. Abin da nake so ka shirya wa zuciyarka ke nan tun kafin ranar: awo yana iya cewa katangar tana daidai, zanenka ne aka yi wa aringizo. In haka ta fito, ka karɓa a gaban mutane, ka ba shi hannu. Wanda ya kira ɗan safiyo don a tabbatar masa da abin da yake so, shaidar zur ya je saye da kuɗinsa.

In awo ya ba ka gaskiya, kana da ƙarfi, domin kai ka riga saye, kuma dangi ba su da ikon sayar wa wani abin da ya riga ya fita hannunsu. A nan ne zan roƙe ka ka yi amfani da ƙarfin a hankali. Ba dole sai katanga ta faɗi ba. Yana iya sayen ƙafa 9 ɗin a farashin yau. Dangin suna iya cike maka daga wani gefe in akwai sarari, kuma su ya kamata a fi matsa wa, don su suka karɓi kuɗin wuri ɗaya sau biyu. Kuna iya raba asarar. In kuma faɗin da ya rage ba zai ɗauki ginin da kake so ba, ka nemi a matsar da katangar, ka ba shi lokaci, in da hali ka taimaka da kuɗin birkila. Mutumin nan, in Allah ya sa ka gina, shi zai fara jin ihun gidanka da dare kana Mile 12 kana jiran mota daga Aliero. Duk abin da kuka daidaita a kai, lauya ya rubuta, kowa ya sa hannu da shaidu, a sake zane biyun su dace da sabuwar iyaka, a kai Ikeja a adana, a kafa sababbin turaku a gaban kowa. Sulhun da aka bari a baki, 'ya'yanku ne za su sake buɗe shi.

Abu ɗaya kada ka yi, shi ne shiru. Haƙuri daban, sakaci daban. A cikin makon nan lauya ya rubuta wa dattijon takarda mai ladabi, cewa kana da ja a kan inda katangar take, kana neman a yi awon haɗin gwiwa, kana kuma roƙon kada a ɗora wani gini a wannan yanki kafin a gama. Ka je ka gaya masa da bakinka kafin takardar ta isa, ka ce Baba, ba ƙara na kai ka ba, don kada magana ta ɓace ne. Dalilin takardar shi ne kotu ba ta tausaya wa wanda ya zuba ido ana gini a filinsa sai da aka gama ya taso, kuma a dokar Legas neman fili yana da wa'adi, shekara 12 ne a mafi yawan hali. Ka ɗauki hotunan katangar da turaku biyun da suka rage, lambobinsu su fito.

In sulhun gida ya ƙi, akwai matakai kafin alƙali. Cibiyar sasanta jama'a ta ma'aikatar shari'ar Legas kyauta take aiki, akwai kuma zauren sulhu da ke haɗe da babbar kotun jihar tun 2002, wanda in alƙali ya amince da yarjejeniyar da aka yi a cikinsa, ta zama kamar hukunci. Ita kanta babbar kotun tana so ta ga an nemi sulhu kafin a shigar da ƙara. Shari'ar fili a Legas tana cin shekaru, kuma abu na farko da za a nema a wurinka shi ne ka nuna iyakar abin da kake da'awa ba tare da shakka ba, wato dai wannan zanen haɗin da nake ce maka ku yi tun yanzu. Ka kuma sa lauyan ya duba takardar cinikinka, ya ga ko shugaban dangi da manyansu sun sa hannu, domin cinikin filin gado da wani ɗan dangi ya yi shi kaɗai ba ya tsayawa. Zanen safiyo yana nuna inda fili yake ne kawai, ba ya nuna na wane ne. Rasit ma haka. Shekara 7 kana riƙe da su ba ka nemi takardar shaidar mallaka ta gwamna ba, wannan gyara ne da ke wuyanka ko da babu maƙwabci.

Maganar maiɗakinka kuma kada ka yar da ita. Ba tsoro ne kawai ba, ta ga yadda abin yake hana ka barci. In Ikeja ta ce filin yana cikin abin da gwamnati ta karɓe ko cikin tazarar teku, to shawararta ta fi ta kowa kusa da daidai, sai dai ba a kasuwa za ka kai shi ba. Dangin za ka koma wa, kai da dattijon tare, ku nemi kuɗinku ko musanya a wurin da ke cikin gazet, kuma baki biyu ya fi ɗaya nauyi a gaban baale. In kuwa ƙasar tana da tsabta amma ranka ya fita daga wurin, ka bari a gama awo sannan ka sayar, ka gaya wa mai saye komai, har da yadda teku ke matsowa. Na san akwai masu sayar da irin wannan fili ga wani ɗan'uwa da ya sauko daga Arewa da kuɗin shanunsa bai san dawan garin ba. Kai ba za ka so a yi maka ba, kuma ciniki da ɓoye aibi ba shi da albarka.

Ranar Asabar in ka je, kafin ka yi maganar awo, ka roƙi dattijon ya zagaya da kai bakin ruwa ya nuna maka inda layin kwakwa yake a shekarar da ya saya, da inda yake yau. Ka ƙirga taku tsakaninsu. In ka dawo daga Ikeja, ka rubuto mini abin da takardar ta ce, mu duba mataki na gaba tare.